Birkin Bajimi da Jelar Kurege

Ga ta nan tafe gare ku, a kan taya biyu!

Ta zo mu ji ta, kar dai ta bi ta kanmu!

To, a gyara zama. Cindo, janye ƙafarka daga hanya, keke zai wuce. Wannan ba a bakin kowa za ku ji ta ba sai nawa, don ni kaɗai na san inda take kwana.

Wai a zamanin da dabbobi ke sana'a, akwai wani gidan ƙanƙara a kan tudu. Mai gidan Dorina ce, kowa Inna yake ce mata. Zafi ne ba ta so, shi ya sa ta kama sana'ar sanyi. Garin Sarki Zaki kuwa yana can ƙasan tudun. Hanya ɗaya ce tak ke sauka, 'yar siririya, gangare tun daga sama har ƙasa. Dama shingen ƙaya, hagu kwazazzabo. In ka gama gangaren ka faɗa kasuwa, in ka ratsa kasuwa ga ƙofar fada.

A gidan nan keke ɗaya ne na aiki, sunansa Bajimi. Ba irin keken gayu ba ne da ake gogewa a je zance. Baƙin ƙarfe ne, sandarsa biyu, kariyarsa ta baya kamar gadon yaro. A ɗora masa ƙanƙara buhu biyu, ko tari ba zai yi ba. Ya faɗo maka a ƙafa kuwa, sai ka kira sunan kakar kakarka.

Gidan yana da al'ada. Ba a hawa Bajimi sai an gaishe shi, gaisuwar kuma da hannu ake yin ta. Ka latsa taya da babban yatsa ka ce, "Kin ƙoshi?" Ka shafa sarƙa ka ce, "Kin sha?" Ka matse birki, ka tura keken gaba, ka ce, "Kana nan?" In duk sun amsa, bismilla, hau.

Kura ce ke hawa Bajimi tana kai ƙanƙara gari. Kurege kuwa aikinsa naɗe ƙanƙara da garin katako, ya cusa a buhun algarara don kar ta narke. Kuregen nan ba ya zama. In yana tsaye rawa yake, in yana zaune ƙafarsa na karkarwa, ko barci yake jelarsa ba ta kwanciya. Jelar nan kuwa ita ce duk abin da ya mallaka a duniya. Ita ce laimarsa da rana, ita ce bargonsa da sanyi. Yana taje ta da safe, yana taje ta da yamma, in ya bi ta bakin rijiya sai ya leƙa ya gaishe ta.

Ana nan, ana nan, bazara ta tsaya, sai haƙori ya kama Sarki Zaki. Kumatu ya kumbura kamar tulu. Wanzaminsa Biri ya duba ya ce ba abin da zai kwantar da shi sai a ɗora ƙanƙara. Kura ta kai, amma kafin ta isa ta lashe rabi a hanya, rana ta lashe saura. Ta dawo da shatin yatsun Sarki a fuska.

Kurege ya gan ta, ya faɗi ƙasa yana birgima don dariya.

Ya ce, "Yaya Kura, wannan sabon tsage ne aka yi miki a fada? Wallahi da ni ne a kan Bajimi, kafin ƙanƙara ta san ta bar gida tana kumatun Sarki."

Kura ta ce, "Kai ɗan tsito? Da me za ka tsaya wa wannan magana?"

Kurege bai tsaya tunani ba, dama ba ya tsayawa. Ya ce, "Da jelata!"

Kura ta kwashi maganar nan da ɗuminta ta kai fada. Sarki yana riƙe da kumatu ya ce, "Na ji. Sau uku na ba shi. Ya kawo mini wadda za ta rufe kumatun nan, Bajimi ya zama nasa. Ya kasa, Biri ya datse jelar a ba Kura ta riƙa korar ƙuda."

Shi ke nan, magana ta zauna.

Washegari Kurege ya naɗe ƙanƙara, ya ɗora a kariya, ya ɗaure da roba tamau, ya yi tsalle ya ɗare sirdi. Kar wanda ya tambaye ni yadda ƙafarsa ta kai feda. Kuregen da ba irin na yanzu ba ne, ni na san su.

Inna Dorina ta leƙo ta ce, "Kai, gaisuwar fa?"

Ya ce, "Inna, in na dawo na gaishe shi har da tambayar iyali."

Ya taka. Bai yi nisa ba sai ga murya daga ƙasa, tayar baya ce ke waƙa:

"Lafas-lafas, cikina wayam,
Mai jela, ba ni iska.
Kaya a kaina, dutse a gabana,
Mai jela, ba ni iska."

Kurege ya ce, "Sha ta hanya, ga ta nan tana kaɗawa kyauta!" Ya ƙara wuta yana nasa waƙar:

"Sauri nake, sauri nake,
Ƙanƙara na gumi, Sarki na kuka!"

Taya ba iska, kaya da nauyi, sai ga wani ɗan dutse mai baki. Taya ta hau shi, ƙarfen wili ya cije ta. Fuuus! Ta kwanta.

Kurege ya sauka. Ya zagaya keken ta dama, ya zagaya ta hagu. Ya roƙi taya, ya zage ta, ya sake roƙon ta. Ta ce, "Na gaya maka." Dole ya kama tura Bajimi da hannu, ƙarfe na jan sa, shi yana jan ƙarfe. Buhu na ɗiga, ɗis, ɗis, ɗis. Ya iso kasuwa ta cika maƙil. "Gafara dai! Gafara dai!" Wa zai kula shi? Tunkiya ta tsaya a tsakar hanya tana gaisawa da surukarta, tun daga gajiya har lafiyar kaji.

Da ya isa fada, Sarki ya ce, "Ina ƙanƙara?"

Kurege ya ɗago buhu yana zuba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, duk tana nan, ba ta ragu ba, kwanciya kawai ta yi. In an matse..."

Sarki ya yi ruri har ƙasar soro ta zubo. Ya ce, "Ɗaya!"

Biri wanzami ya zaro aska, ya goga ta a fata, shau, shau, yana kallon jelar Kurege yana murmushi.

Ranar nan Kurege ya tura Bajimi har saman tudu, ya cire taya ya yi mata faci, ya buga mata iska har ta yi tauri kamar ɗanyar gwanda.

Gari ya waye. Ya ɗaure kaya, ya latsa taya ya ce, "Kin ƙoshi?"

Ta ce, "Na ƙoshi."

Ya ɗare sirdi. Inna Dorina ta ce, "Saura biyu ba ka gaisar ba."

Ya ce, "Inna, babbar na gaisar, ita ta isar wa sauran."

Ya taka. Yau taya ba ta ce komai ba, gudu kawai take, ƙaya na wucewa ta dama, kwazazzabo na wucewa ta hagu. Da gangare ya yi gangare ya matse birki, birki ya tsala ihu, ƙiiiii!

Kurege ya ce, "Kai, rufe mini baki! Sai ka tara mini jama'a?"

Birki ya ce, "Mai ihun nan shi ke riƙe da kai."

Can kuma ga sarƙa da wata busasshiyar murya:

"Ƙaras-ƙaras, wuyana tsatsa,
Mai jela, ba ni mai.
Haƙora na ci na, yashi na ci na,
Mai jela, ba ni mai."

Kurege ya ce, "Haɗiyi yawu, mun kusa!"

Ya gama gangare lafiya, ya shigo bakin kasuwa. Ya ga mutane na kallon sa, sai ya miƙe tsaye a kan feda don a san shi ne, ya saki jela tana lilo a baya. Ya danna feda da ƙarfi. Sarƙa ta bushe, ga shi ta saki, sai ta yi tsalle ta bar haƙoranta. Garin faɗuwa ta cafki bakin jelar Kurege ta naɗe.

Wayyo! Ihun da ya yi ya fi na birki. Kasuwa ta taru. Wani ya ce a ja jelar, wani ya ce a juya feda baya, Bunsuru ya ce shi a ganinsa a yanke kawai tunda dama yanke ta za a yi. Kafin a zare ta, gashin bakin jelar ya tafi, ya bar wuri fes kamar kan tsoho. Kafin a mayar da sarƙa, rana ta yi aikinta.

Abin da ya kai fada bai fi goro ba. Sarki ya ɗora a kumatu, ya lumshe ido, ya ce, "Aaah..." Bai rufe baki ba ta ƙare. Ai gara ma jiya da bai ɗanɗana ba. Ya yi rurin da ya sa kajin fada suka daina ƙwai.

Ya ce, "Biyu!"

Biri ya goga aska, shau, shau. Ya tsinke gashin hannunsa ɗaya ya gwada, gashin ya rabu biyu.

Da yamma Kurege ya zauna kusa da Bajimi. Wannan shi ne zaman natsuwa na farko da aka taɓa ganin ya yi, shi ma rabin zama ne. Ya kankare tsatsar sarƙa, ya samo baƙin mai da gashin kaza yana ɗiga mata gaɓa-gaɓa. Ya kwance wilin baya ya ɗan ja shi har sarƙa ta daina reto, ya ɗaure. Sarƙa ta yi ajiyar zuciya.

Inna Dorina na kwance a cikin kwatarniyar ruwanta ta ce, "Ka ji ni da kyau, ɗan nan. Mai na sarƙa ne ita kaɗai. Ko ɗigo kar ya taɓa robar birki, kar ya taɓa bakin wili inda birki ke kamawa. Shi birki a bushe yake cin abincinsa."

Kura na gefe tana cin ƙosai, mai na bin hannunta har gwiwa. Kunnenta ɗaya dai ya miƙe.

Rana ta uku, ranar jela. Kurege ya fito, sai ya tarar an riga an ɗaure ƙanƙara a kariya, an goge Bajimi yana ƙyalli. Kura na tsaye tana washe baki.

Ta ce, "Ƙanena, ina kwana? Na ce yau kar ka wahala, duk na shirya maka. Ai wasa wasa ne, zumunci daban. Hau kawai, rana na yi."

Daga ƙasan tudu rurin Sarki ya taso. Ƙafar Kurege ta hau karkarwa. Ya ɗora ta a feda. Jikinsa duk yana cewa tafi, tafi, tafi. Ya waiwaya zai tattare jela, sai idonsa ya faɗa kan wurin nan da ba gashi.

Ya sauke ƙafa.

Kura ta ce, "Me kuma?"

Ya ce, "Gaisuwa, Yaya. Bari in ja shi bayan rumfa, inuwa ta fi yawa can."

Kura ta ce a ranta, ƙara ɓata lokaci, ni riba ce. Ta tafi bakin ƙofa ta zauna tana lasar hannu.

A bayan rumfa Kurege ya latsa taya. "Kin ƙoshi?"

"Na ƙoshi."

Ya shafa sarƙa. "Kin sha?"

"Na sha."

Ya matse birki, ya tura. "Kana nan?"

Shiru. Bajimi ya zarce suuu, kamar ba a matse komai ba.

Ya sake matsewa da hannu biyu, na gaba da na baya, ya tura. "Kana nan?"

Sai ya ji wani abu can ƙasa-ƙasa, gulu-gulu-gulu, kamar mai son magana da ruwa a baki. Ya durƙusa ya shafa robar birki. Santsi. Ya shafa bakin wili. Santsi. Ya kai yatsa hanci. Man gyaɗa ne, har da ƙanshin ƙosai.

Kurege ya tuna gangaren nan, ya tuna kwazazzabo, ya tuna nauyin Bajimi da kaya a kansa. Gashin jikinsa ya tashi, har wanda sarƙa ta cinye sai da ya so ya tashi. Yau ba jela kaɗai aka so a raba shi da ita ba.

Ya ce zai ruga ya gaya wa Inna. Ya yi taku biyu ya dawo. Kura za ta rantse, za a yi ta ja-in-ja, ƙanƙara kuwa ba ta jiran shari'a. Ya ƙara mata garin katako, ya lulluɓe da wani buhu. Ya ruga murhu ya ɗebo toka, ya sato sabulun wankan Inna, ya jawo tsumma da ruwa. Ya dirje bakin wili na gaba, ya dirje na baya. Ya kwance robobin birki ya goga su a dutsen niƙa, ƙur, ƙur, ƙur, har baƙin fuskarsu ya fita, sabuwa ta bayyana. Buhu na ɗiga, ɗis, ɗis. Sarki na ruri. Garin sauri ƙusar birki ta faɗi cikin yashi, ya tona, ya tona, ya same ta.

Ya mayar, ya matse, ya tura. "Kana nan?"

Birki ya yi tari ya ce, "Ka...ɗan."

Ƙafarsa ta ce, kaɗan ma ya isa, mu tafi! Kurege ya daka wa ƙafar duka ya ce, "Ke kika ja mini na jiya da na shekaranjiya." Ya sake toka, ya sake sabulu, ya goge da busasshen tsumma har wili ya yi ƙara a hannunsa.

Ya matse, ya tura. Bajimi ya tsaya cak, kamar an dasa shi.

Birki ya ce, "Ina nan! Kura ce ta ɗura mini..."

Kurege ya toshe masa baki ya ce, "Na sani. Yau alfarma ɗaya nake roƙo. Ka kama, amma kar ka yi ihu, komai daɗin ihun."

Birki ya ce, "Tunda ka wanke mini baki, na yarda."

To amma fa rana ta ɗaga. Kurege ya leƙa ƙasa ya hango kasuwa ta cika ta batse, ko allura ba za ta ratsa ba. In ya tsaya gafara-gafara, da goro zai sake isa. Ya tsaya yana sosa kai, yana tsalle da ƙafa ɗaya. Can sai ya kalli Kura a bakin ƙofa, sai dariya ta taso masa, ya danne ta da ƙyar.

Ya turo Bajimi ya ce, "Inna, rana ta yi, kasuwa ta cika. Ki sa Yaya Kura ta wuce gabana ta buɗe mini hanya mana. Ita da ta ce zumunci daban."

Kura ta zabura ta ce, "Ni? A gaba? Ai... ƙafata ce ke ciwo."

Inna Dorina ta ce, "Ƙafar da kika yi ta zirga-zirga da ita tun asuba?"

"To in bi shi a baya mana."

"A baya za ki buɗe hanya? Ke me kike tsoro? Keke da birkinsa."

Kura ta ga ba mafita. In ta ce akwai birki, ta shiga gaba. In ta ce babu, a tambaye ta yadda ta sani. Inna Dorina ta fara tasowa daga kwatarniya, ruwa na zuba. Duk wanda ya taɓa ganin Dorina ta taso ya san ba a jira ta gama tasowa. Kura ta faɗa hanya.

Kurege ya ɗage jelarsa sama, nesa da sarƙa, ya baza ta a kan buhun ƙanƙara kamar laima. Ya hau, ya saki Bajimi, ya kaɗa ƙararrawa. Ƙililin!

Kura ta duba dama, ƙaya. Ta duba hagu, kwazazzabo. Ta ji ƙililin a bayanta, ba ta ji ihun birki ba. Ta ce, shi ke nan, man ya ci. Ta zuba da gudu.

Shi kuwa gogan naku yatsunsa na kan birki, na baya tukuna sannan na gaba, yana matsawa yana saki, yana matsawa yana saki. Tsakaninsa da Kura ya fi tsawon igiyar guga, ko da ta faɗi zai tsaya bai taɓa ta ba. Amma ƙararrawa ba ta da nisa a kunnen mai tsoro. Ƙililin! Ƙililin! Kura ta matse gindi ta cusa shi ƙarƙashin ciki, kar taya ta taɓa. Kurege na waƙa:

"Sannu nake, sannu nake,
Yaya na gudu, ni ina bin ta!"

Suka faɗo kasuwa. Kura ta ware murya: "Ku kauce! Ku kauce! Ba birki! Wallahi ba birki!"

Jama'a, kun taɓa ganin kasuwa ta tsage biyu? Tunkiya ta bar surukarta a tsakiyar gaisuwa ta haye rumfa. Bunsuru ya faɗa cikin kwandon tumatir. Mai tukwane ya rungume tukwanensa ya hau bishiya da su, har yau ba a san yadda ya yi ba. Hanya ta buɗe fetal tun daga bakin kasuwa har ƙofar fada, Kurege ya bi ta a tsanake, ko gafara ɗaya bai ce ba.

Kura ta iso fada ta zube a gaban Sarki, harshe waje, tana cewa, "Ba birki... ba birki..."

Kurege ya iso, ya matse. Bajimi ya tsaya cak a bakin tabarma, ko gefenta bai taka ba. Ya sauka ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kwance roba, ya buɗe buhu. Ƙanƙara ta fito kamar ƙwaryar fura, tana hayaƙin sanyi.

Sarki ya rungume ta ya manna a kumatu. Ta rufe kumatu, ta rufe kunne, har da rabin ido. Ya ce, "Aaaaah." Wannan karon aaah ɗin ya yi tsawo har fadawa suka gaji da jira. Biri ya kalli askarsa, ya kalli jelar Kurege, ya yi tsaki.

Da Sarki ya dawo hayyacinsa ya ce, "Bajimi naka ne, jela taka ce. Amma wa na ji yana ihun ba birki? Ga keke ya tsaya kamar dokin da aka ja wa linzami."

Kasuwa duk ta biyo su, kowa ya nuna Kura.

Sarki ya ce, "Ke da kike gaba, ko waiwaye ba ki yi ba, ya aka yi kika san ba birki?"

Kura ta ce, "Ranka ya daɗe... a jikina na ji."

"Miƙo hannun."

Ta miƙa. Sarki ya shinshina ya ce, "Man gyaɗa."

"Ƙosai na ci, ranka ya daɗe!"

Kurege ya sunkuya ya ce wa birki, "To, yanzu yi ihunka."

Birki kuwa dama ya ƙagu. Ya ce, "Ƙiiii! Allah ya ja zamanin Sarki, tare muka ci ƙosan! Ita ta ci ƙosai, ni ta ɗura mini man!"

Fada ta kwashe da dariya, Sarki ma ya so ya yi, haƙori ya hana. Ya ce, "Biri, sau nawa ka wasa askar nan?"

Biri ya ce, "Kullum, ranka ya daɗe, tun da aka fara."

"To ba ta komawa kube haka nan."

Shau! Jelar Kura ta koma guntuwa. Ta kwasa a guje ta shige daji, gindi a matse, har yau bai miƙe ba. Ku dube ta in kun gan ta, gaba a sama, baya a ƙasa, tana tafe tana waiwaye. Ƙararrawa take ji.

Kurege ya zama mahayin Bajimi. Rashin zama dai bai bar shi ba, wannan sai kabari. Amma ko gobara ake yi, ba ya ɗora ƙafa a feda sai ya latsa, ya shafa, ya matse ya tura. Abin ya bi jikinsa, ya bi 'ya'yansa, ya bi jikoki. Shi ya sa in kuka ga kurege zai tsallaka hanya, duk saurinsa sai ya tsaya cak, ya miƙe a kan ƙafa biyu, jela a sama, ya haɗa hannuwa a ƙirji yana motsa 'yan yatsu. Ba roƙo yake ba, ba addu'a yake ba. Birki yake gwadawa.

To kun ji. Abin da zai ɗauke ka, duba shi kafin ka hau. Ka ba taya iska, ka ba sarƙa mai, ka bar birki a bushe. In kuma wanda ba ya ƙaunar ka ya ce ya shirya maka komai, hau kawai, ranar ce za ka fi dubawa.

Ƙurunƙus, na matse birki ta tsaya a nan! Ba don jelar Kurege ba da na ce ƙarya na shirga muku. Cindo, kai da ka ce a ba ka aron kekena gobe, ka ji dai yadda ake gaishe shi.